Rubutun Goshin Motar Labbo

"Lahiya lau munka kwana, sai yunwa. Miji ya yi mota ya manta da cefane!"

Kaka Laure ke nan, ta dogaro sandarta har garejin Nasarawa. Ranar kuwa gidanmu kowa baki har kunne. Autanmu Labbo ya bar aikin yaron mota, ya samu a-kori-kura tashi ta kanshi, gobe za shi hwara jigilar albasa daga Augie. Abu guda yar rage, a rubuta ƊAN KABI ga goshinta. Kalilu mai fenti ya jingine allo biyu ya ce a zaɓa. Guda baƙaƙe tsaf a miƙe awa na ƙohwar asibiti, guda ko an ja shi da buroshi gaba-gaɗi, duk shatin gashi.

"Tsohuwa, wa yak kira ki?" in ji Labbo. "Wanga mai tsabta nika so."

"Wanga? Allah shi sawwaƙe."

"Ina kinka san rubutu, ke da ko baƙi guda na boko ba ki ganewa?"

"Ban san rubutu ba, amma na san gudu. Ran da mota mai irin wanga zane tas shigo Augie, masu haraji na ciki. Gari yaw watse, kakanka cikin rumbu yak kwana."

"Shi ya sa ya aure ki, ya saba da duhu."

"Ja'iri! Tahi da shi. Ka tsaya bakin fadama kana hon, mutane na tura albasa cikin ciyawa, ka komo muna da iska buhu-buhu."

Labbo ya sake duba allunan. Ya san mutanen fadama, ba karanta mota sukai ba, kamanninta suka duba. Amma ina za shi yarda gaban Kalilu?

"To wancan hwa? Awa kaza ta hwaɗa fenti tana shure-shure. Dubi zane-zanen ga, sak tsagar kumatunki!"

Kaka ta shahi kuncinta tana yauƙi. "Ashe idonka na aiki. Tsagar ga, ran da nab bi bakin gulbin Argungu ina budurwa, masunta kallona suka yi har jirgi yat tahi da ruwa."

"Tsoro yak kama su."

"Ko tsoro ko so, sun dai waigo. Kai mi kaka nema bakin hanya in ba a waigo ba?"

Kalilu ya ƙyalƙyace har fenti ya zubo mai ga wando. Labbo ya cije leɓe, ya cije, dariyar taƙ ƙwace.

"Kalilu, ja mai tsagar. Ƙara mai kaushi, shi yi kama da ita sosai."

"Gidan gaba hwa?" in ji Kaka.

"Naki na, amarya. Amma kika tohwa min goro ga gilashi, baya za ki, cikin albasa."

Tuni ta jehwa sandarta ciki, ta kama ƙohwa.

"Kai ni bayan tun yanzu, miji. Da warin bakinka gwamma albasa."