Ranar da Na Nome Filin Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa ba, shekarar da aka fara maganar gina sabon filin ƙwallo a Potiskum ce na tafka abin kunyar da har yau ake yi mini dariya a unguwarmu ta Dogo Nini.

An tara mu shugabannin kulob na unguwanni, wata injiniya 'yar Fika ta nuna mana zanen. Gaskiya abin ya burge ni. Rufin 'yan kallo duk sola ne, ba ƙarar janareta, ba hayaƙi. Ruwan saman da ya sauka a kan rufin zai shiga wani tanki a ƙarƙashin ƙasa, har ruwan alwala ma za a tace a yi ban ruwa da shi, ga itatuwa a kewaye. Na yi tafi har hannuna ya yi zafi. Da aka ce za a kafa kwamitin mutanen gari, na ƙudurta ko ana ha-maza ha-mata sai na shiga (ni da nake ganin ba a ƙwallo a garin nan sai da ni).

Koren da na gani a tsakiyar zanen kuwa, na ɗauka kafet ne. Mu dai yadda muka taso, damina na wucewa sai a yi gayya a nome fili tas, a ƙone ƙarangiya, a ja layi da toka.

Aka ce manyan baƙi za su zo duba wurin. Ana gobe za su zo na bi ta can, sai ga wani yanki ciyawa ta yi shar. Na ce a raina, wannan sakaci har ina? Ga damar nuna kaina ta samu. Da sassafe na kwaso 'yan kulob ɗina da fartanyu. Ciyawar ta yi taurin kai, amma muka ga bayanta, wani mai tumaki ya kwashe yana sa mana albarka.

Da motoci suka iso na tsaya a sahun gaba, fartanya a kafaɗa, ina murmushi.

Injiniya ta dubi ƙasa, ta dube ni. "Baba, ina ciyawata?"

"Mun share miki ita, Injiniya. Ba sai kin gode ba."

"Baba, gwaji ne fa. Iri daban-daban na shuka tun bazara, ina neman wadda za ta jure zafinmu da ruwa kaɗan. Ita baƙin nan suka zo gani."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rasa inda zan ɓoye fartanyar, sai na mayar da ita baya kamar ba a riga an gani ba. Amma baiwar Allah ko murya ba ta ɗaga ba. Ta tsuguna ta taɓa saiwoyin da suka rage.

"Wacce ta fi ba ku wuya?"

Na nuna mata ta gefen gabas, wadda ta karya mana ƙota.

"To ita za mu shuka. Wadda ta wahalar da fartanya, takalmin ƙwallo ba zai kashe ta ba."

Kwamiti kam an sa ni. Muƙamina shi ne ban ruwa, safe da yamma, har ciyawar ta sake tofowa. Tun daga nan na gane cewa ko alheri za ka yi, gara bakinka ya riga hannunka.