Yadda Direba Mai Gaisuwa Zai Sami Inshora

Ɗana Abbas ya zare makullin motata ranar Laraba, ya sa a aljihu. Ya ce ba zai mayar ba sai kamfanin inshora ya yarda ya ɗauke ni. Shekara arba'in da ɗaya ina tuƙi tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Yau wai ni ne direba mai haɗari. Na je ofishinsu, na ga komai. Kai da aka liƙa wa wannan suna, bi abin da zan gaya maka. Ba ya kuskure.

Na ɗaya: San abin da ka je saye

Inshora iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda doka ta ce dole. Ita ke biyan wanda ka buge. Akwai babba, mai gyara taka motar. Ƙaramar ta ishi ɗan sanda, ba ta ishi Abbas ba. Babbar kuwa sai an tone tarihinka kamar ka zo neman aure.

Na biyu: Sa babbar riga, bar tabarau a gida

Mai tabarau ya riga ya amsa laifi. In aka miƙo takarda, tura wa yaro. Babba ba ya karanta wa kansa.

Na uku: Ƙirga haɗarinka da bakinka

Wata yarinya ce a kan tebur, Kezia. Tana da ladabi, ta rusuna. Ta ce, "Baba, sau nawa ka yi haɗari cikin shekara uku?"

Na ce, "Ko ɗaya."

Abbas ya ce, "Huɗu."

Kada ka je da ɗanka. Wannan ya kamata in sa a farko.

Haɗari shi ne wanda aka kwanta asibiti. Shanyar shinkafar da na taka a Zauro ba haɗari ba ce. Wanda ya baza shinkafa a kan kwalta shi ya kawo min ita. Ramin da na faɗa a garin Gulma na san shi, ya san ni. Katangar Dominic mai walda da na daka a Badariya dama ta tsage. Jakin da na buge kuwa da ƙafarsa ya tashi.

Na huɗu: Faɗi dalili, kai a ɗage

Ta tambayi abin da ya jawo su. Na gaya mata. Duk huɗun gaisuwa nake yi. In na ga babban mutum a bakin hanya, sakin sitiyari nake, in ɗaga hannu biyu, in tambayi gida. Haka aka tashe ni. A Zauro Malam Kalilu ne, wanda ya sallaci gawar uwar Abbas. Shi zan ɗaga wa hannu ɗaya?

Ta daɗe tana rubutu. In suna rubutu da yawa, girmamawa ce.

Na biyar: Kada kuɗi ya girgiza ka

Ta danna na'ura, ta juyo min da ita. Kuɗin ya kusa ninka na maƙwabcina Isuwa, wanda ya koyi tuƙi bara. Daidai ne. Ba a sa wa dattijo kuɗin yaro. Dubi ɗanka, ka yi shiru. Shi zai biya.

Na shida: Saurari sharaɗi har ƙarshe

Abbas ya ciro makullin, ya ajiye a kan tebur. Ya ce, "Baba, zan biya yanzu. Abu guda nika roƙo. Ka yi alkawari gaban wagga baiwar Allah: hannu biyu bisa sitiyari. In ka ga mutum, danna hon."

Kezia ta ce, "Baba, hon ma gaisuwa ce. Kowa haka yake yi."

"Hon na awaki ne, ɗiyata."

"To ka tsaya gefe, ka gaisa, ka wuce."

"Daga nan zuwa Argungu na san mutum ɗari biyu. Yaushe zan isa?"

Na dubi makullin. Tun motar tana sabuwa yake hannuna. Na tashi, na gyara riga, na bar shi a kan teburin.

Gargaɗi

Wanda ya bi wannan ya rasa motarsa, kada ya tako ƙofata. Ban aike shi ba. Ni kaina motar haya na shiga jiya zuwa Argungu, kujerar baya, kusa da taga. Hannuwana biyu a sake, babu wanda ya wuce ban gaishe shi ba. Direban, wani ɗan yaro, bai san kowa ba.

Tawa motar tana gindin darbejiya, kaji sun fara kwana a ƙarƙashinta. Yau da safe Abbas ya zo gaishe ni. Ya durƙusa, ya ajiye makullin a kan tabarma tsakaninmu.

Ya ce, "Baba, don Allah. Alkawarin kaɗai."

Na ce, "Ba ni yi."