Goran Alhaji Sabo Ya Fashe a Harra ta Gabas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a ɗage, Alhaji Sabo Basarke, mazaunin Harra ta Gabas a Madina, yana sanar da 'yan'uwa, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa cin kifin hannunsa, rasuwar goransa na su. Ya cika ranar Talata da azahar, a kan rufin gida, cikin zafin bazarar bana ta 1403. Shekarunsa talatin da bakwai a bakin aiki.

Ga yaran da aka haifa a nan, waɗanda ake yi wa Hausa su amsa da Larabci, gora duma ne babba mai ƙaramin baki. Masunci yana kifa cikinsa a kai ya shiga ruwa, abin da ya kama ya jefa ciki. Shi ne jirginsa, shi ne rumbunsa.

An haifi marigayin a fadamar Kabi. Alhaji ne ya yanko shi, ya fafe shi, ya goyo shi a baya sa'ad da ya fito neman aikin hajji da ƙafa. Ya shiga tafkin Chadi. Ya yi shekara huɗu a kogin Nilu yana ciyar da mutum bakwai da tarwaɗa da karfasa. A jirgin ruwan Jidda an ce a jefar da shi don ya tare wuri. Alhaji ya zauna a kansa har aka sauka.

Da suka zauna a Madina, mutane suka ce masunci ya zo garin duwatsu, sai ya nemi wata sana'a. Alhaji ya yi gadi, ya yi dako. Amma kowace bazara sai ya ɗaure goran ya nufi Yanbu, garin bakin teku. Can ne marigayin ya fara ɗanɗana ruwan gishiri, bai ko yi tari ba. Masu kwale-kwale sun tsaya a gaɓa suna dariyar Takaruri, wato baƙo daga ƙasar baƙar fata, a kan duma. Da yamma ya fito da manyan kifin hamur uku, dariyar ta ragu. Wani jami'i ya taɓa tare su yana neman takardar jirgi. Ya zagaya goran sau biyu, ya leƙa cikinsa, ya rasa abin da zai rubuta, ya tafi. A hanyar dawowa sukan ratse kududdufan Haibar, marigayin ya wanke gishirin jikinsa a ruwan daɗi, su kama ƙananan kifin da ya samu.

Bai taɓa neman fetur ba. Bai taɓa nutsewa ba. An ɗinke shi sau biyar, an liƙa masa kwalta, bai yi ƙorafi ba. Ba shi da surutu. In an buga shi da tafin hannu yakan ce “dum.” In kifi na motsi a cikinsa yakan ce “gudum, gudum,” kuma Alhaji bai san wata magana da ta fi wannan daɗi ba, ban da kiran salla.

Ga yadda ciwon ajali ya same shi. Zafin Madina ba ya barin duma, don haka Alhaji yakan lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu a ƙarƙashin gado. Da zai tafi umra ya kira surukarsa Safiyyatu, ya ce mata ta kula da gora, ta riƙa yayyafa wa buhun ruwa safe da yamma. Safiyyatu haifaffiyar Ƙuba ce a nan Madina, Hausarta rabi ce. Ta ji kamar goro ya ce. Kwana tara tana yayyafa wa buhun goro ruwa, ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Shi kuwa gora, da aka zo saka mukayyif, na'urar sanyi, a ɗakin, ɗan Alhaji, Abdulrauf, ya ce yana ƙarni, ya hau da shi rufi.

Alhaji ya dawo ya tarar da goro lafiya lau kamar yau aka tsinko shi. Ya tambayi gora, aka nuna masa sama. Ya hau matakala ashirin da biyu, bai tsaya hutawa ba. Ya same shi a rana, fatarsa ta yi fari, tsofaffin ɗinkin duk sun buɗe. Ya ɗaga shi a hankali. Marigayin ya ce “ƙas,” ya rabe uku.

Alhaji yana so a sani bai riƙi Safiyyatu ba. Ta yi abin da ta ji, ta kuma yi kuka. A daina yi mata gori. Laifin yana kan waɗanda suka bar harshe ya bushe a bakin 'ya'yansu, kuma Alhaji bai cire kansa daga cikinsu ba.

Marigayin ya bar ragar homa biyu, da mamari mai ƙugiya ɗari, da igiyar da ake ɗaure shi da ita, da buhunsa. Ya bar tsoho ɗaya mai shekara saba'in da shida.

Akwai maganar da take yawo. Shekara uku ke nan Abdulrauf yana cewa mahaifinsa ya tsufa da shiga teku. Yanzu ya gaya wa maƙwabta wai Allah ne ya raba gardama, su ya ƙare, tsoho zai zauna a sanyin mukayyif yana jan carbi, in yana marmarin kifi a sayo masa na firiza. Alhaji ya ji. Ya ce a rubuta a nan cewa gora ne ya mutu. Shi yana nan.

Jana'iza. Ba za a yi wa duma salla ba, Alhaji ya san wannan, kada wani ɗalibin jami'a ya zo yi masa wa'azi. Ba kuma za a ba motar shara ba. Za a naɗe shi cikin buhunsa da duwatsun Harra biyu, a kai shi Yanbu ranar Alhamis bayan sallar asuba. Ba a binne masunci a gaɓa, sai an wuce inda ruwa ya yi baƙi. Alhaji da kansa zai kai shi, a kan tiyub na tayar tirela da ya saya jiya. Homa da mamari za su yi rakiya, kuma tun da sun shiga ruwa ba za su fito haka nan ba. Zaman makoki kwana uku ne, a bakin teku. Mai zuwa ta'aziyya ya zo da ƙanƙara da gishiri.

Abdulrauf ne ya hau da shi rufi, shi zai tuƙa gawar. Ya sha wa motarsa mai tun safiyar yau Laraba.