Ranar da Na Je Neman Iƙamar Gwanaye

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba ko da zan kai shekara ɗari. Bayan annobar da ta sa aka rufe Harami ne, shekarar da na bar unguwar Jarwal na koma ɗaki ɗaya a Ka'akiyya, duk a nan Makka. Mijina, Malam, ya riga ya rasu.

A wajen wani suna na ji mata suna cewa an fito da iƙama, wato takardar zama, ta musamman don gwanaye 'yan ƙasar waje. Ba kafili, ubangidan da ke riƙe da takardarka, a kanka, ka fita ka dawo yadda kake so. Ni kuwa tun da muka zo aikin hajji muka zauna, ba ni da takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Ƙanwata Ladi tana Gumel, idonta ya tafi, kullum saƙonta in zo ta shafa fuskata. In na fita ta tarhil, inda ake kwashe marasa takarda a mayar da su gida, za a ɗauki yatsuna, ni da Makka sai a lahira.

Na ce gwanaye? Ai ni ake nema. Rabin 'ya'yan Hausawan unguwar Hindawiyya a hannuna suka faɗo (ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma reza ta san ni). A garinmu kuma gwani ba ya yabon kansa, mutane ke tsaya masa. Sai na bi gida gida, na samu mata goma sha biyu da na karɓi haihuwarsu, kowacce ta ce in sha Allahu Inna, za mu zo.

Na sa abayata ta salla, na fesa turare, na isa maktabin da ake cike wa mutane takardu tun kafin a ɗaga ƙofa. Na shimfiɗa gyale a kan kujeru, jaka a kan wasu. Wani likita Bamisire ya zo zai zauna, na ce akwai mutanena. Wani Ba'indiye ma na tashe shi (daga baya na ji injiniya ne, da shi ake ginin otal-otal). Suka tsaya a tsaye, ni ina gadin kujeru. Har azahar ba wadda ta leƙo. Marasa takarda tsoron kowane ofis suke, masu takarda kuma 'ya'yansu sun hana su.

Da layi ya zo kaina, mai maktabin ya tambayi takardar jami'a da wasiƙar wurin aiki. Baƙi ne mai furfura a gemu, Larabci yake yi kamar ruwa. Na ce takardata mutane ce, tunda kuma ba su zo ba, zan kira su da baki. Na miƙe, na ɗaga murya da Larabcina na kasuwa don likitan nan ya ji. Gidan wane 'yan biyu, gidan wane wanda ya zo da ƙafa na juya shi, shekara talatin ba asibiti ba allura. Ina cikin lissafi na ga likitan ya sunkuyar da kai. Na ɗauka girmamawa ce, na ƙara murya.

Sai mai maktabin ya matso, ya yi magana da Hausa, ƙasa ƙasa.

"Inna, don Allah ki yi shiru. Ba iƙama, ba lasisi, kina karɓar haihuwa. Abin da kike faɗa a gaban mutane shi ake kama mutum a kansa."

Na ce ɗan waye kai da za ka koya mini? Ya faɗi sunan uwarsa. Ashe gidansu ne na uku a lissafina, ni na karɓi haihuwar ƙannensa.

Shi ya naɗe mini gyalena, ya raka ni bakin titi, ya tare mini taksi. Kwana tara ban fito ba, ko inuwar mota na gani a taga sai in ja labule. Ba wanda ya zo kama ni. Ba wanda ya zo gaishe ni kuma.

Na dai koyi cewa gwanintar da ba hatimi a kanta a ɗaki ake ajiye ta, kamar tsohuwar tabarma.

Cikin matan nan huɗu sun rasu, uku an mayar da su gida. Sauran in mun haɗu a jana'iza mukan gaisa, ba mai tayar da zancen. Mai maktabin yana nan. Ladi ma tana nan, ko jiya ta sa an kira ni ta tambayi takardar. Na ce mata ana kan aiki.