Ciwon Dogo, Kowa Ya Sani Ban Da Dogo

Jiya na wuni a kan bencin asibiti ina taya mijin ƙanwata roƙon a gaya masa abin da ke damun jikinsa. Ba mu samo komai ba sai ciwon baya, ƙari a kan wanda muka je da shi. Ku gyara zama, jama'a, don in ban amayar da wannan ba, ni ma sai an kwantar da ni.

Mijin ƙanwar tawa, Dogo muke ce masa, direba ne a wani kamfanin kayan gini, shi ke kwasar ma'aikata safe da yamma a doguwar mota. Tun kafin ya auri ƙanwata yake riƙe da sitiyari, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Kwanakin baya ciwon kai ya matsa masa, ya kai kansa asibiti da ƙafarsa. Aka ɗebi jini, aka ɗaura masa abin awo a damtse, aka liƙa masa wayoyi a ƙirji. Likita ya yi irin rubutun nan nasu, wanda shi kansa in an miƙa masa gobe sai ya nemi tafinta, ya rufe fayil, ya ce ya dawo idan sakamako ya fito.

Sakamako kuwa ya fito, sai dai bai bi ta gidan Dogo ba. Wata safiya manaja ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya karɓi makullin mota cikin ladabi. Ya ce kamfani ba zai ɗora rayukan mutane a hannun mai irin wannan lalura ba, ya je gida ya huta, Allah ya ƙara sauƙi. Dogo ya tambaya wace lalura. Manaja ya dube shi da tausayi, ya ce wannan tsakaninsa ne da likitansa, shi ba ya shiga sirrin mutane.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Mai shagon bakin layi ya ce zuciya ce, mai aski ya rantse ƙoda ce. Wasu bayin Allah da bai taɓa gani ba suka fara kiran wayarsa, sun san sunansa da shekarunsa da ranar da ya je awo, suna tallar wani magani mai wanke jini. Ƙanwata kuwa, da yake ba ta san da wa take yaƙi ba, ta cire gishiri daga girki, ta cire sukari, ta cire mai, har yara suka fara gudowa gidana cin abinci. Dariya nake yi wa abin, sai ranar da Dogo ya ja ni gefe, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce, "Yaya, in ta Allah ta kasance, ga amanar yaran nan." Daga nan dariya ta ƙare mini. Na ce gobe mu je mu ji daga bakin masu asibitin.

Mun fara da tagar ɗakin fayil, inda Mai Girma Mai Tsaron Taga yake zaune bayan ƙarafa yana danna waya. Dogo ya miƙa katinsa, ya ce so yake ya ga abin da aka rubuta a kansa. Mai Girma ya ɗago kai kamar an ce ya ba da makullin gidansa. Ya ce ba a ba mara lafiya fayil, doka ce, don kare sirrinsa ake yi. Dogo ya ce to ai shi ne mai sirrin, jikin ma nasa ne.

"Jikin naka ne, fayil ɗin namu ne," in ji Mai Girma, ya koma kan wayarsa.

Ni dai na jinjina wa wannan tsaro. A daidai lokacin, a bayanmu, ga baro shaƙe da fayiloli an ajiye a baranda, iska na buɗe su tana karantawa. Wani da ya kawo matarsa ya zari hoton ƙirjin wani bawan Allah yana fifita da shi. Wata nas ta leƙo daga ɗaki ta ɗaga murya har bakin ƙofar shiga, tana neman mai basur ɗin nan mai shuɗiyar riga. Wani dattijo ya miƙe a hankali, ɗaki guda ya raka shi da ido. Sirri kam ana kare shi, amma daga mai shi kaɗai.

Da muka ƙi tafiya, aka tura mu bene, ofishin Babban Jami'in Kare Sirrin Marasa Lafiya, Allah ya ja zamaninsa. Ofis ne na gani na faɗa, sanyi kamar cikin firji, ga kwamfutoci jere an lulluɓe su da ƙyalle, ko ledarsu ba a cire ba. A bango akwai hoton ranar da manya suka yanka kirtani suka ƙaddamar da su, kowa na murmushi, an rubuta a ƙasa cewa daga yau bayanin kowane mara lafiya yana tafin hannunsa. Na duba tafin hannun Dogo, ba komai sai kanta irin ta sitiyari.

Babban Jami'i ba ya nan, ya tafi otal taron bita a kan haƙƙin marasa lafiya. Mataimakinsa ne ya saurare mu, mutum mai fara'a da taushin murya. Ya ce abu ne mai sauƙi: Dogo ya rubuto buƙata, a kai wa kwamiti, kwamiti zai zauna da zarar shugabansa ya dawo daga bita, amma sai an haɗa da amincewar likitan da ya duba shi. Muka tambayi likitan, aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Zuwa ina? Wannan bayanin ma'aikaci ne, ba a bayarwa.

Na danne zuciyata na ce, ranka ya daɗe, to ta yaya manajan kamfani ya ga abin da mai jikin bai gani ba? Nan fara'a ta ɗauke. Ya ce asibitinsu bai taɓa fitar da sirrin kowa ba, kuma zargi ne mai nauyi, sai na kawo hujja. Na ce wace iri? Ya ce kwafin sakamakon da aka ce ya fita.

Yau da safe Dogo ya haɗiye girmansa ya koma ƙofar kamfanin da ya sallame shi, ya tsaya a rana har sakatariyar manaja ta fito. Ta ji kunyarsa, ta ce ita ta ɗauka ya sani, ai tun tuni hoton sakamakon yake yawo a zauren hirar ma'aikata na waya. Ta tura masa. Ga sunansa, ga hatimin asibiti, har da babban yatsan wanda ya danne takardar yana ɗauka.

Muka kai wa wata likita a ƙaramin asibitin unguwa. Ta karanta, ta sake auna shi, ta ce hawan jini ne, irin wanda rabin masu tuƙi a titi ke yawo da shi. Ya sha ƙwaya kullum, ya rage gishiri, ya ci gaba da aikinsa. Dogo ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata. Ya fita waje ya kira ƙanwata, na ji yana cewa ta mayar da mai da sukari, yara su dawo gida.

Aikin dai ya tafi. Manaja ya taya shi murna ta waya, ya ce sai dai kash, an riga an ɗauki wani, kuma ba zai iya bayyana dalilan kamfani ba. Yanzu Dogo na zagaya tashoshin mota yana neman wanda bai ga hoton ba tukuna.

Likitar ta dube ni ni ma, ta ce da wannan jan idon nawa ya kamata in je a auna ni. Zan je, in Allah ya yarda. Roƙona ɗaya ne gare ku, masu karatu: duk wanda ya riga ni ganin sakamakon, ya taimaka ya gaya mini, amma a hankali, ba a gaban yara ba.