Ƙwaryar Baba Nomau

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Gozaki ba, kuma da ana goge rana da na goge ta. Bayan samun mulkin kai da 'yan watanni ne, lokacin da Faransawa ke gwajin bam ɗin nukiliya a hamada. Ji-ta-ji-ta ta cika gari cewa gubar za ta sauko da ruwan farko. Ni kuwa sabon malamin gona ne, iyakata elemantare, ga keke ga gajeren wando. Ofis ya ba ni takarda in karanta wa manoma don hankalinsu ya kwanta. Murna kamar an naɗa ni hakimi!

Na haye buhun dawa na buɗe murya. Abin da takardar ta ce kawai, ana kan bincike. Amma daɗin taro ya kwashe ni, na ƙara gishiri: "Ku sha abinku! An auna, ruwan nan ya fi na rijiya tsabta!" (Alhali a gida na hana matata tarar ruwan indararo, har randa na kifar.)

Sai wani dattijo Bamaguje, Baba Nomau, ya ratso taro da ƙwarya. "Ɗan boko, ga wanda ya sauka jiya na tara. Sha mu gani, sai mu bi ka."

Na dubi ƙwaryar, na dubi jama'a. "Baba, ai azumi nake yi."

"Azumi?" Ya leƙo bakina. "Goron nan da kake tauna fa, shi aka yafe maka?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Maƙwabciyarmu mai daddawa ta ɗaga murya: "Ku tambaye shi randar gidansa!" Baba Nomau ya kafa kai ya shanye ruwan tas, ya goge baki, ya kifa min ƙwaryar a kan sirdin keke.

Da rani na kawo musu sabon irin auduga, mai kyau na gaske. Ba wanda ya karɓa, sai dai in ji, "Malam, ko yau ma azumin ne?" Damina biyu suka yi asarar irin nan saboda bakina.

Don Allah 'ya'yana, in an aike ku wurin jama'a, ku faɗi iyakar abin da kuka sani. Inda ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. In kuma ƙaryar ta zama dole, to a fara tofar da goro.