Mai Faci da Bututun Gas

Wani ne mai faci a Masaka, shekara ashirin yana ƙarƙashin bishiyar darbejiya ɗaya. Da farar hula suka hau mulki, surukinsa ya samu kujera a wata ma'aikata, ya miƙo masa kwangilar canja wani ruɓaɓɓen bututun gas a bayan Orozo. A ranar gogan naka ya sayar da injin ba da iska, ya ɗinka babbar riga, ya hana kowa kiransa mai faci.

An yi walda, har zai sa a binne, sai ga injiniya mai duba aiki, Madam Magdalene.

Ta ce, "Oga, tsaya. Sabon ƙarfe ba ya shiga ƙasa sai an yi gwaji."

Ya ce, "Gwaji? Ai sana'ata ce."

Ya tattare riga ya zabga wa bututun ƙafa, yadda yake wa taya. Babban yatsa ya ce ƙas! Ya haɗiye ihu. Ya ɗingisa ya tofa yawu a kan waldar, ya kara kunne.

"Kin gani? Ko kumfa babu. Sa hannu."

Ta ce, "Ba Vespa ba ne, Oga. Za a toshe bakin biyu, a cika da ruwa, a matsa ya wuce ƙarfin gas. Awa takwas. In allurar geji ya sauka ko kaɗan, ba na sa hannu, aikin ya tafi wurin wani."

Ga shi ba shi da wurin komawa. Gindin bishiyar ma wani ya riga ya gaje.

Washegari, ranar gwajin, da sassafe ya rigaya kowa zuwa. Ya buɗe gilashin gejin awon ƙarfi da aka ɗaura wa bututun, ya tura allurar can ƙarshe da tsinke, ya ɗiga mata gam ɗin faci, ya mayar da gilashi, ya zauna yana fifita da hula.

Madam ta iso, ta duba geji, ta dubi gogan. Ta zagaya ta leƙa bakin bututun, ta hango hasken rana ta ɗaya bakin. Wani ƙadangare ya fito ya gyaɗa mata kai.

Ta ce, "Oga! Ba a toshe baki ba, tankar ruwa bai zo ba, ko ɗigo babu a ciki, amma allura yana sama?"

Ya gyara hula ya ce, "To Madam, bututun da ya riƙe wannan ƙarfi babu komai a ciki, ina ga an zuba?"